Akwatin da ke Ƙarƙashin Sirdina

Malama Barira ta jami'a
ta tare ni bakin ƙofa wata Laraba,
ba don in kai ta gida ba.
Ta ce, Ilu, babur ɗinka nake so ya shiga bincike.
Na yi dariya har makulli ya faɗi.

Ta fito da akwati, bai fi gwangwanin madara ba,
da ƴar wutsiya baƙa, da koren ido mai ƙiftawa.
Ɗalibinta Yahuza ya durƙusa cikin rairayi
ya ɗaure shi ƙarƙashin sirdi da tsohuwar roba.

Ta ce, ka san wani lokaci gaisuwarka zuwa Katsina
sai ta bi waya ta gangara bakin teku,
ta ƙetare, ta sha sanyin Turai,
kana ta juyo ta sami mutumin da ke nan bayan Ɗan Isa?
Na ce, ko ɗan kabu-kabu sabon shiga
ba ya yi wa fasinja wannan zagaye.
Ta ce, to shi muke son kwancewa, mu sake saƙa.

Yanzu na'ura lambar gida take tambaya.
Mu so muke ta koyi tambayar Maradawa:
ina mai ƙuli-ƙulin nan?
Wanda ya sani ya nuna,
wanda ke da shi a hannu ya miƙo.

Tun ranar nake bin hanyar da rezo ke tsoro.
In wuce Jiratawa, in rabu da kwalta,
in bi gefen Gulbi zuwa garuruwan
da mutum ke hawa amalanke ya ɗaga salula sama
kamar mai duban jinjirin wata.
In na tsaya shan fura, akwatin ma na shan tasa:
wayoyin gari na zuba masa magana a ɓoye.
Ya riƙe.
Ba ya gaggawa, ba ya tsegumi.
Sai mun shigo birni ya sauke kaya, ya ɗauki na komawa.

Sau uku yana mutuwa.
Bazara ta dafa shi,
ruwan Agusta ya shige masa ciki,
na uku akuyar maƙwabcina ce ta cinye wutsiyar.
Kowane karo in kai gawar,
in tarar an ɗauke kuran, ɗakin kamar tanda,
Malama na riƙe da fitilar waya a haƙori
tana zana ɗigo da layi a allo,
ɗigo da layi, har ya zama gidan tururuwa.
Ta ce, ka ga? Babu sarki a tsakiya.
In an toshe rami ɗaya, a bi ta wani.

Akwai Inna Tsahara a ƙauye na huɗu.
Ɗanta Lawali ya tafi arewa haƙar zinariya,
wata bakwai ba labari.
Jikarta ta danna mata, ta yi magana cikin wayar
da ƙarfi, don wurin da nisa.
Na ɗauko muryar ban sani ba.
Amsar ma ta kwana a zaurena,
kusa da jarkar mai, ban sani ba.

Da hantsi ina kashe babur gindin bedi
sai wayar yarinyar ta yi ƙara.
Inna, ni ne. Ina nan da rai.
Tsohuwa ta ajiye taɓarya.
Ba ni ta kalla ba, babur ta dafa,
ta yi masa addu'ar da ake yi wa mahajjaci,
ni kuwa ta ba ni ƙwan zabi shida.

Da yamma Malama ta duba na'urarta,
ta rubuta: awa talatin da ɗaya.
Ta girgiza kai. Ya yi yawa, in ji ta, sai mun rage.
Da na faɗa wa Inna washegari
sai ta riƙe haɓa: awa talatin?
Wannan sauri haka?

Ban san wadda ta fi gaskiya ba.
Amma yanzu in na hango rami a hanya
tun daga nesa nake sassauta giya.